Kaset Uku na Sau-Goma

Shekarunta arba'in da shida, tana da miji da 'ya'ya uku, kuma shekara ashirin da uku ke nan da kamara take ci take sha. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon tayoyi: kwamfuta biyu, kujera uku, da fanka mai ƙara wadda dole a kashe ta duk sanda za a saurari sauti. Aikinta na yau da gobe talla ne, tallan sabulu, tallan makaranta, tallan asibitin da ya sayo sabon inji yana so duniya ta sani. Sai an yi shekara uku ko huɗu take samun sukunin yin fim nata na kanta, irin wanda babu 'yan wasa a ciki, mutane ne kawai a bakin sana'arsu.

A cikin 'yan sana'ar ba mai kiran ta da sunanta. Sau-Goma ake ce mata. Yawanci sun ɗauka abokan aikinta ne suka laƙaba mata, don ba ta taɓa cewa "ya yi" a ɗaukar farko. Ba su ba ne, mahaifinta ne.

Mai gyaran rediyo ne, a wani shago da mutum uku ba za su tsaya a ciki ba. A shekararta ta ƙarshe a jami'a, da aka ce kowane ɗalibi a sashen koyon fim ya kawo aikin kammalawa, ta ari kamarar sashen ta kafa a ƙofar shagon nan har mako shida. Ta ɗauki hannunsa yana narka dalma. Ta ɗauke shi yana kara kunne a jikin lasifika kamar likita a ƙirjin mara lafiya. Ta ɗauki faɗansa da masu kawo rediyon da suka riga suka buɗe a gida suka ɓata, sannan su rantse ba su taɓa ba. Kaset biyu ta cika, kowanne awa uku, ta tace fim na minti ashirin a kan na uku. Dokar sashen kuwa ita ce ɗalibi ya miƙa komai, da ɗanyen da tataccen, har a gama duba aiki. Injin yin kwafi guda ne, yana kulle a ofis. Aka ce ta dawo in sakamako ya fito.

Kafin ta miƙa, ta yi abin da aka koya musu tun aji ɗaya. A gefen kowane kaset na bidiyo akwai ɗan harshen roba. In aka ɓalle shi sai ya bar rami, kuma muddin ramin nan yana buɗe, babu injin da zai yarda ya ɗauki wani abu a kan kaset ɗin. Ta ɓalle na duka ukun da makullin ɗakinta, ta rubuta sunanta da lambarta da jan biro, ta miƙa hankalinta kwance.

Sakamako ya fito, malamin da ya duba aikin ya ba ta C. A takardar ya rubuta layi ɗaya: babu mai sharhi a fim ɗin, kuma hoto ba ya bayyana kansa. Ta je karɓar kaset, aka ce sai an zauna taron sashe. Bayan wata goma sha huɗu mahaifin ya rasu. Hotonsa da ya rage a gida guda ne, na katin shaida, inda ya ɗaure fuska kamar ba shi ne mai sa 'yan layinsu dariya ba.

Daga lokacin zuwa bana ta rubuta wa sashen wasiƙa goma sha ɗaya. Ba a amsa ko ɗaya ba. Sau biyu ta je da ƙafarta, tafiyar awa bakwai a mota. Na farko ta tarar ana yajin aiki, na biyu aka ce mai makulli ya yi tafiya. Daga nan hidimar aure da reno da neman abinci suka danne maganar, ta zama irin ciwon da mutum ke sabawa da shi.

Abin da ya tayar da ita bana idon mahaifiyarta ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuwa, likita ya ja ƙanin Sau-Goma waje ya gaya masa watanni ne suka rage. Tsohuwar ba ta buƙaci a gaya mata ba. Wata ranar Lahadi da hantsi, tana laluben hannun kofin shayi, ta ce, "Ke, wancan abin da kika dame shi da shi a shago, yana nan kuwa?"

"Yana jami'a, Umma."

"Jami'ar ce matarsa?"

Tsohuwar ta kama kofin, ta ci gaba.

"Ni ba fuskarsa nake nema ba, wannan tana nan a kaina. Hannunsa nake so in gani yana aiki, tun ina gani."

A cikin watan ne takardar gayyata ta iso. Za a yi bikin baje kolin finafinai a garin da jami'ar take, kuma an zaɓi sabon fim ɗinta, wanda ta yi shekara biyu tana bin wasu tsofaffi uku masu gyaran keken ɗinki. Ba ta son irin waɗannan tarukan, ta sha ƙin zuwa. Wannan karon ta amsa a ranar.

An rubuta za a buɗe biki ƙarfe goma, aka buɗe ƙarfe ɗaya saura, don babban baƙo bai iso ba. Mutum bakwai suka yi jawabi, kowanne ya fara da gaishe da sauran shidan da cikakkun muƙamansu. A cikin bakwai ɗin ba wanda ya ambaci fim ko ɗaya. Nata fim ɗin an sa shi a ƙaramin zaure, daidai lokacin da ake raba abinci a babban. Ta ƙirga masu kallo, goma sha tara, huɗu daga ciki sanyin na'ura ne ya kawo su. Hoto yana hawa allo ta miƙe ta nufi mai majigi.

"Malam, ka ja hoton nan."

"Haka ya fi cika allo, Hajiya."

"Mutumin nan siriri ne kamar sanda, dubi yadda ka mai da shi kamar ganga."

"Tun safe haka nake nunawa, ba wanda ya yi ƙorafi."

"To ga ni na zo."

Ta ture hannunsa ta gyara da kanta, ta tsaya a kansa har fim ya ƙare, don ta ga yatsansa yana ƙaiƙayin komawa.

Washegari aka yi babbar lacca a kan adana tarihi a hoto. Mai laccar ba wani ba ne, malamin da ya ba ta C ne, yanzu farfesa kuma shugaban sashe, ya yi furfura, ya yi tumbi, murya kuwa tana nan yadda take, mai daɗin ji. Ya ce al'ummar da ba ta adana hotunanta za ta wayi gari ba ta san kamanninta ba. Aka tafa. Can ya hango ta a layi na biyar.

"Ga ɗalibata can! Ni na rene ta da hannun nan nawa. Tashi su gan ki, 'yata."

Ta tashi, tun da babu yadda za ta yi, haƙoranta a cije. Da aka watse ta tare shi a bakin ƙofa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, wasiƙuna suna isowa kuwa?"

"Wace wasiƙa? Ai ke 'yar gida ce, 'yar gida ba ta rubuta wasiƙa. Ki zo gobe ƙarfe biyu ki yi wa yara magana, mun ma shirya miki 'yar karramawa. Kayanki kuwa ki ga mai sito, ki ce ni na ce."

Ƙarfe tara na safe tana ƙofar jami'a. An yi sabuwar ƙofa mai tsayi, an yi sabon ginin hukuma duk gilashi. Sashensu kuwa yana nan yadda ta bar shi: dogon baranda, tagogi rabi babu gilashi, famfon da ke ɗiga tun tana ɗaliba yana nan yana ɗiga. Sabon abu ɗaya ne, wani ƙaton ƙyalle da aka rataya ɗauke da hotonta, an rubuta "Abin Alfaharinmu." Ta wuce ta ƙarƙashinsa ba ta ɗaga kai ba.

Mai sito shi ne dai na da, wanda yake ba su aron kamara, yanzu ya ranƙwafa, saura masa wata biyar ya yi ritaya. Yana ganin ta ya washe baki.

"Sau-Goma! Mai dawo min da batir babu ko ɗigon caji!"

"Ni ce, Baba. Ina gajiya, ina iyali?"

Suka gaisa sosai. Amma da ta faɗi abin da ya kawo ta, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya daɗe yana neman makullin da ke hannunsa.

Siton yana bayan ɗakin ɗaukar hoto, babu taga, ƙwan lantarki ɗaya. A dama akwai kanta ta ƙarfe, kaset a jere cikin gidajensu, kowanne da lamba. A hagu kwalaye ne a ƙasa, wasu gara ta ci gindinsu. Ta nufi dama. Ya ce, "Ba nan ba, 'yar nan." Ya nuna hagu.

A kwali na shida ta ga jan biro. Duka ukun suna tare, an ɗaure su da roba wadda ta narke ta manne. Ga sunanta, ga lambarta, da rubutunta na 'yar shekara ashirin da uku. Sai dai a ƙarƙashin sunan an yi wani rubutu da baƙin alƙalami. Ta juya kaset ɗin ta duba gefensa. A kan ramin da ta ɓalle da makullinta an liƙa salatif, ya tsufa ya yi rawaya. Ta juya na biyu, salatif. Na uku, salatif. Duk wanda ya taɓa riƙe kaset ya san amfanin wannan: in aka toshe ramin, inji ya ɗauka ba a taɓa ɓalle komai ba, sai ya shafe abin da ke ciki ya ɗora sabo.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya zauna a kan wani kwali. "Ni na liƙa, ba zan yi miki ƙarya ba. In an tashi taro sai a ce sashenmu ya ɗauka, mu ne masu kamara. Sabon kaset kuwa ba a kawowa. Sai aka zauna aka ce a riƙa amfani da na ɗalibai. Aka ce kada a taɓa na masu A da B, waɗannan tarihi ne. Daga C zuwa ƙasa, a ɗauka."

"Wa ya ce?"

"Taron sashe."

"Wa ya kawo shawarar a taron?"

Ya dubi ƙasa.

Ta karanta baƙin rubutun. A kan tataccen fim ɗin, liyafar ban kwana da wani magatakarda. A kan ɗanyen na farko, bikin yaye ɗalibai. A kan na biyu, laccar da Malam, shugaban sashen na yanzu, ya yi ranar da ya zama farfesa.

"Kai ka koya mana ɓalle harshen nan, Baba. A wannan barandar. Ka ce in mun ɓalle, ko shugaban jami'a bai isa ya shafe mana aiki ba."

"Na faɗa."

"Ka ga sunan mutum a jiki, ka ga ya ɓalle, ka san me yake nufi. Ka yanko salatif."

"Na yanko."

"Ko sau ɗaya ba ka saka ka ga me ke ciki ba?"

"In na gani ba zan iya liƙawa ba, shi ya sa ba na dubawa."

Ta ce, "To tun da aka ɗauki waɗannan bukukuwan, mutum nawa suka zo suka ce a kunna musu?"

"Ko mutum ɗaya."

Ta fita baranda ta tsaya ta dafa ƙarfe. Ɗalibai suna wucewa, wasu suna dubanta suna duban ƙyallen. Ta fi minti goma a nan kafin tsohon ya leƙo.

"Akwai abu ɗaya. Ba kullum taro ke cinye kaset ba. Ina farawa daga farko, inda taro ya ƙare nan nake kashewa. In akwai saura a wutsiya, yana nan."

A duk sashen inji ɗaya ne ya rage mai motsi. Ya buɗe shi ya goge kan da auduga, ya duba zaren kaset ɗin a hasken ƙofa, ya nuna mata farin fumfuna a gefe. Ya ce sau ɗaya zai iya wucewa lafiya, na biyu bai yi alkawari ba. Ta kafa tata kamarar a gaban talabijin ɗin da ke haɗe da injin ta kunna, ko da zaren zai tsinke.

Tataccen fim ɗin minti ashirin ne a farkon kaset, liyafar magatakarda ta binne shi gaba ɗaya. Bikin yaye ɗalibai ya ci nasa kaset har ƙarshe, ya ƙare ana tsakiyar kiran sunaye. Saura na laccar. Mai sito ya ƙi yarda inji ya ja shi da gudu, ya naɗe shi da yatsa a hankali har kusa da ƙarshe, sannan ya saka.

Ga Malam cikin babbar rigar farfesa yana godiya ga matarsa, ga shugaban jami'a, ga waɗanda suka zo daga nesa. Zaren da ya rage a gefe ɗaya sai ƙanƙancewa yake. Malam ya ce "daga ƙarshe," ya ƙara minti shida. Ya sake cewa "daga ƙarshe." Sau-Goma ta ji kanta tana cewa, "Yi shiru mana, bawan Allah, yi shiru!" Aka tafa, ya rusuna, allo ya cika da yayyafi irin na talabijin da babu tasha.

Sai ga teburin shago. Ga hannu biyu, babban yatsan dama da tsohon tabon ƙuna, suna juya maɓallin wata rediyo mai fasasshen murfi. Rediyon ta yi tari ta kama tasha. Murya ta ce, "To, ta yi?"

Wata siririyar murya daga bayan kamara ta ce, "Baba, a sake sau ɗaya kawai."

"Sau ɗaya? Wannan ne na goma! Mai ita yana tsaye tun ɗazu, ƙafarsa ta yi sanyi." Ya ɗago ya dubi kamara yana dariya, har giɓinsa ya fito. "Sau-Goma, in kin je gida ki gaya wa uwarki kada ta jira ni da abinci, 'yarta ta ɗaure ni."

Ya kashe rediyon, ya sake kunnawa. Ya ɗauki ƙarfen dalma ya hura hayaƙin gefe, yadda yake yi kullum don kada ya shiga idon mai kallo. Yana cikin haɗa wata jar waya kaset ya ƙare, inji ya tofo shi. Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya, daga cikin awa shida da minti ashirin.

Mai sito yana share fuska da hularsa. Ita ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki kaset ɗin ta haura sama.

Ofishin shugaban sashe yana da labule da firiji. Farfesa ya saurare ta yana gyaɗa kai. Ya ce abin takaici ne ƙwarai, amma ta san yadda zamanin yake, babu kayan aiki, dole a yi dabara. Ya ce ai ba a shafe na kowa ba, an yi zaɓi bisa cancanta.

"Zan tafi da wannan, ranka ya daɗe. Hoton da na ɗauka daga talabijin duk rawa yake, ina so in ciro na ainihi da injin kirki."

"A'a, 'yata, wannan kayan jami'a ne. Ki rubuto wasiƙa, a kai taron sashe."

"Jiya ka ce 'yar gida ba ta rubuta wasiƙa."

"Wannan daban. Laccata ce a kai, kuma kwafi ɗaya ke nan a duniya."

"Kwafi ɗaya," in ji ta.

"Ɗaya tak. In ya ɓace fa?"

Ta dube shi sosai ko zai ji abin da ya fito daga bakinsa. Bai ji ba. Ya duba agogo ya ce yara suna jira, ta riƙe kaset ɗin tukuna, bayan taro a mayar sito.

Ɗalibai sun kai ɗari biyu a zauren. Farfesa ya yi minti ashirin yana gabatar da ita, ya ce tun tana aji ɗaya ya ga alama. Ya miƙa mata allon karramawa na katako mai sunanta da ruwan zinariya, mai hoto ya ɗauka. Ta ajiye allon a tebur, ta ɗaga kaset ɗin sama.

"Wa ya taɓa ganin irin wannan?"

Hannu kaɗan suka tashi. Ta bayyana musu harshen roba, da rami, da aikin salatif. Ta gaya musu wane ne a ciki, da makin da aka ba shi, da kwalayen da ke hagu a sito. Ba ta ɗaga murya ba, amma har na kujerar baya ya daina taɓa waya.

Farfesa ya jawo makirufo. "'Yata, wannan ba wurin..."

"Malam, awa uku saura minti huɗu ka yi kana magana a bisa kaset ɗin mahaifina. Ka bar ni in yi minti huɗu."

Wani daga baya ya yi fito, wasu suka ce masa ya yi shiru.

"An ce in ba ku shawara. Guda ce. Duk abin da kuka ɗauka, ku yi kwafi kafin ku miƙa wa kowa, ko malami ne, ko ni ce. Mai ba ku maki ra'ayinsa yake faɗa, yana da iko. Amma mutumin da ya zauna ya bar ku kuka kafa masa kamara ba ɗalibin kowa ba ne, ba a ba shi C."

Ta sa farce ta ɓamɓare salatif ɗin daga ramin, ta liƙa shi a kan allon karramawa, daidai kan sunanta. Ta buɗe jakarta a gaban kowa ta saka kaset.

"Na ɗauka. Laccar Malam zan ciro ta in aiko masa kwafi uku, ko harafi ba zai ɓace ba, ni ba na shafe aikin mutane. Wanda zai hana ni fita ya taso."

Ba wanda ya taso. Mai sito ne a bakin ƙofa, ya buɗe mata duka ɓangarorin ƙofar biyu. Ba ta koma wajen bikin ba, ko rufewa ba ta tsaya ba. Daga jami'a tasha ta wuce.

Kwana huɗu ta yi tana tsabtace zaren a wajen wani tsohon ma'aikacin gidan talabijin mai injin kirki, suka ciro minti huɗun da laccar duka. Ranar Lahadi ƙaninta ya ɗauko babbar talabijin ɗin gidansa ya kafa a ɗakin mahaifiyarsu, aka ja labule. Tsohuwar ta matso da kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta karkata kai ta ba idon dama hanya.

"Tabon nan," in ji ta. "Ranar da ya samu tabon nan sai da na ce masa kada ya fita."

Da ya ce kada a jira shi da abinci, ta amsa masa kamar yana ɗakin. "Ai kuwa na jira. Ya huce na sake ɗumamawa."

Hoto ya tsaya. Ta jira. Ta juyo.

"Ci gaba mana."

"Shi ke nan, Umma."

"Shi ke nan? Mako shida kina hana bawan Allah aiki, abin da ya rage ke nan? Ina sauran?"

Sau-Goma ta gaya mata. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta tambayi me salatif yake nema a jikin kaset, aka bayyana mata, ta tambayi ko malamin yana da 'ya'ya, aka ce yana da su. Ta ce, "To Allah ya sa su adana shi yadda ya adana na mutane." Ƙanin ya ce, "Haba, Umma." Ta ce, "Addu'a na yi masa, ban zage shi ba. Mayar min da shi farko."

Tun daga ranar kullum sai an kunna mata bayan ta karya. Yanzu fuskar ta fara yi mata hazo, amma ta ce hannun tana ganin motsinsa.

Kwafi uku na laccar sun isa ofishin Farfesa, ba a amsa ba. Wanda ya kira mai sito ne, bayan mako uku. Ya ce an ba shi umarni ya kwashe kwalayen hagu ya zubar, wai za a mai da wurin ofishin mataimakin shugaban sashe, kuma ba a son a sake samun irin abin da ya faru. Ya ce ya jibge su a bayan gini kusa da bola, ya rufa musu leda, motar shara kuwa ranar Litinin take zuwa.

Ranar Asabar ta hayo ƙaramar motar ɗaukar kaya ta yi awa bakwai. Kaset ɗari uku da goma sha huɗu ne, kowanne da salatif, kowanne da sunan ɗalibi a ƙarƙashin baƙin rubutu. Yanzu suna jere a bangon ofishinta, sun cinye wurin kujera ta uku. Tsakanin tallan sabulu da na makaranta takan ɗauki ɗaya, ta ɓamɓare salatif, ta naɗe shi da yatsa zuwa wutsiya. Ta duba ashirin da shida. Goma sha tara babu komai. A na ashirin da shida ta sami minti biyu na wata tsohuwa tana taje gashin jikarta tana yi mata faɗa.

Sunan da ke jiki na wani ɗan ajinsu ne wanda ya bar harkar fim tuntuni, yana sayar da kayan gini. Ranar Talata ta samo lambarsa, ta kashe fanka, ta kira shi ta ce ya nemi wuri ya zauna.